Katafilar Gwangwani da Rumfar Faci

Kwana uku Ciyaman na ƙungiyar direbobi ya ba ni. Ko in ƙona motocin a gaban jama'a, ko in kwashe kayana in bar rumfar da na tsufa a cikinta ina facin taya. Wata ƙaramar tasha ce a bayan Jabi, inda bas-bas na hanyar Kaduna ke lodi. Motocin da ake magana kuwa ba masu ɗaukar mutum ba ne. Na gwangwani ne, babbar cikinsu ba ta wuce tsawon takalmina ba. Ni na yi su da hannuna, da furfurata a gemu, da 'ya'yana da suka isa aure. Mai dariya ya yi, na saba. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, saboda haka ba zan iya yi wa zancen ado ba. Yadda ya faru zan faɗa, sai dai dole in koma baya, domin ba a Jabi abin ya fara ba.

Inda aka haife ni, yau ba ka isa ka shiga ba sai mai gadi ya leƙo ta 'yar taga ya tambaye ka wa kake nema. Maitama ke nan. A lokacinmu tudu ne da duwatsu da kunyoyin doya, sai bukkokin dangin mahaifiyata, Gbagyi. Babana Bahaushe ne, ya zo da jakar gyaran fitila da bokiti, ya ga wuri, ya ga mace, ya zauna. Sun ba shi gona, sun ba shi 'ya, amma duk ranar da aka sami saɓani sunansa baƙo. Da safe ba agogo ke tashinka ba, turmi ne, da kukan zabi a bayan gida, da muryoyin mata suna gangarawa rafi da ƙwarya a kafaɗa. Su ba sa ɗora kaya a ka. Kakata, wadda ta haifi uwata, takan ce kai ya riga ya ɗauki nasa kayan, kar a ƙara masa. Aikina shi ne korar birai daga masara. A ba ni tsohon gwangwani da tsakuwa a ciki da guntun gasasshiyar doya, in hau dutse in wuni ina kaɗawa ina ihu. Idan rana ta yi tsaka sai komai ya yi shiru, har ka ji ƙudan zuma a kan ɗorawa. Yanzu a wurin nan abin da za ka ji janareto ne da haushin karnukan da suka fi ni cin nama. A kan dutsen na fara yin motar kara, ina feƙe ɓawon da haƙori ina soka shi a cikin totuwa, duk da motar da na taɓa gani ba ta wuce ta masu sayen doya ba, mai bodin katako.

Sai wata rana muka ji a rediyon Baba cewa za a ɗauko kujerar mulkin ƙasa daga Legas a kawo ta nan. Baba ya fassara wa Kaka. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, sannan ta ce, "Kujera guda ce za a share wa wannan dajin duka? Wane irin mazaunai ne da mai ita?" Aka yi dariya. Ba a daɗe ba dariyar ta ragu. Da fari wasu ne suka zo da abin leƙe mai ƙafa uku, suna kafa turakun siminti a tsakiyar gonaki ba tare da sallama ba. Bayansu nakiya. Ana cikin cin abinci sai ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga jinka cikin miya, awaki su watse. Bayan nakiya kuma sai injuna. Ni dai, Allah Ya sani, ranar da na fara ganin tifa ta ɗaga bayanta ta juye yashi, na manta da birai, na manta da masara, na manta da uwar da ta haife ni. Manya suna ganin bala'i, ni ina ganin abin da bai taɓa yi mini kyau irinsa ba. Na sha duka a kan masarar da birai suka cinye ina kwance a kan dutse ina ƙirga tayoyin gireda, kuma kashegari na koma.

Ma'aikatan sun kafa sansani, sansanin kuma ya yi bola. Wannan bolar ita ce kasuwarmu. Gwangwanin madara, na kifi, langa-langa, guntayen waya, murfin kwalba, tsohon silifas da ake yankawa a yi taya. Na saci tsohon almakashin Baba na yankan kwano, na koyi naɗe baki don kar ya yanke ni, bayan ya yanke ni sau ba adadi. Sauran yara suna yin mota ɗaya, su ɗaura mata zare, su ja ta har ta tarwatse, su yi wata. Ni ba na ja. Ni tarawa nake. A gindin rumbun Kaka na share wuri na jera su, tifa da tankar ruwa da gireda da motar da ke juya siminti, kowace da wurinta, kullum sai na goge su da tsumma. In na ga ta wani yaro ta yi kyau, sai in ba shi doyata ta rana in karɓe, in wuni da yunwa. Har wata 'yar jar mota ta ƙarfe na tsinta a bolar gefen gidajen Turawa, ta gaske daga kanti, ƙofarta tana buɗewa. Wannan ba ta kwana a gindin rumbu, a aljihuna take kwana. Yaran yanzu kam waya ce a hannunsu, in ka ba su gwangwani za su tambaye ka ina abin da ke ciki. Amma ba zan zauna ina yabon mutanen dā ba, domin na san abin da suka yi mini.

Katafila ce ta fi ba ni wuya. Rani guda na yi a kanta. Sarƙar ƙafarta da langa-langa na lanƙwasa ta gaɓa-gaɓa, bakin turawar kuma da murfin gwangwanin kifi, yana ɗagawa yana sauka. Da na gama sai na ga ai katafila ba ta cika katafila ba sai ta ture wani abu. Na kwaɓa laka a bayan gida na gina 'yan bukkoki, na kwaikwayi unguwarmu yadda take, har da reshe na kafa a madadin kaɗanyar da manya ke zama. Na bari suka sha iska, na kawo katafilata, ina kukan inji da baki, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗagowa na ga wani tsoho a tsaye a kaina, yayan Kaka, wanda ke riƙe da wurin gargajiyar gidansu. Ya daɗe yana kallon bukkar da ke gefen reshen, wadda ko makaho ya shafa ya san tasa ce, sannan ya wuce. Ba a yi mako ba wasu suka zo da bokitin jan fenti na sa alamar rusau. Bangon da suka fara shafawa nasa ne. Da yamma aka kawo katafila ta gaske a kan doguwar mota, aka sauke ta a bakin gari, aka bar ta nan tana kallonmu.

Kashegari da hantsi aka taru a gindin kaɗanya, aka kira Baba, aka ce ya zo da ni. Tsohon ya yi magana da Hausa don kar Baba ya ce bai ji ba.

"Baƙo, yaronka ya yi ta. Ya gwada ta a kan gidana. Ga ta can ta zo."

Baba ya durƙusa ya ce, "Baba, wasan yara ne. Abin nan daga gwamnati yake, har a rediyo an faɗa."

"Wasa? To me ya sa bai gina gidan ubansa ya ture ba?"

Gaskiyar ita ce namu rufin kwano ne, kuma ban sami gwangwanin da zan ɓata a kansa ba. Amma wa zai saurari yaro? Aka yi ta gunaguni da yaren da Baba yake ji rabi-rabi. An riga an ce za a kwashe mu zuwa sabon wuri, kuma dattawan nan su za su nuna wa kowa inda zai kafa bukka da inda zai noma. Baƙon da ɗansa ya kira katafila, wa zai ba shi gefe? Yanzu na gane wannan. A ranar ban gane ba. Abin da na gani kawai Baba ya juyo bai kalli idona ba ya ce, "Je ka kwaso su." Ni da kaina na yi ta sawu ina kawowa ina jerawa, har ina gyara musu layi saboda sabo. Baba ya karɓi taɓarya a hannun wata mata. Ƙarar gwangwani a ƙarƙashin taɓarya ba ta da yawa, ƙwas ne kawai, sai taya ta gangara. Uwata ta juya baya. Kaka ce kaɗai ta yi magana, ta ce, "Ku daki gwangwani, mai abin yana Legas yana shan shayi." Da Baba ya gama ya miƙo hannu ya ce, "Saura ta aljihu." Ashe ya sani. Ita ba ta lotse da wuri ba, sai da ya maimaita, yana haki, jama'a suna kallo.

Katafilar gasken ba ta fasa ba. Ta shiga ta yi aikinta cikin wuni ɗaya, har da gidan mai rufin kwano. A bayan tifa aka kwashe mu da tukwane da awaki, hawana na farko ke nan a motar da na fi so a duniya, kuma ban ɗaga kai na kalli komai ba. Baba ya sami gefensa a sabon wurin, ƙasa mai tsakuwa wadda doya ta ƙi. Har ya koma ga Allah ba mu taɓa tayar da zancen ba, ni da shi. Makaranta ta watse mini a wajen ƙaurar. Na dawo cikin garin da aka gina a kan gonarmu a matsayin lebura, ina ɗaukar bulo, lokacin da manyan ma'aikata suka fara tururuwa daga Legas da akwatuna da matansu suna ƙorafin wurin ƙauye ne. Daga baya na koyi faci, na sami rumfa a tashar nan, na yi aure, na haihu. Ban ƙara taɓa gwangwani ba sai in zan sha abin da ke ciki.

Abin da ya sake tayar mini da zancen motocin, wani direban gida ne ya ɗauke ni zuwa Maitama in duba tayar oga, wai motar ba a kai ta bakin titi. Ina tsugune a farfajiya sai aka buɗe ƙofar falo, na hango kabad na gilashi daga ƙasa har sama, cike da ƙananan motoci, da fitila a ciki tana haska su. Na ɗauka na yaran gidan ne. Mai gidan ya fito, babban darakta a wata ma'aikata, furfurarsa ta fi tawa, ya ga inda idona yake. Ya ce, "Malam, sun burge ka? Nawa ne. Tun ina firamare nake tara su, duk ƙasar da na je sai na sayo." Yana faɗa yana murmushi, ko kunya babu, direbansa yana gyaɗa kai yana cewa ai oga akwai basira. Na kalli bayan katangarsa, ga wani dutse mai tsagi a tsakiya wanda na san kowane lungu nasa tun ina korar birai a kansa. Na ɗaure tayar. Wato idan mai kuɗi ya yi, sha'awa ce. A kan hanyar komawa na tsinci gwangwanin madara a kwata, na sa a aljihu kamar ɓarawo.

Hannun bai manta ba. Da fari a ɓoye nake yi, a bayan injin iska, idan ba aiki. Matata ta ga yanka a yatsuna ta gane, ta ce, "Baban yara, da girmanka? In surukai suka ji fa?" Na ce su ji. Na fara tare 'yan bola jari ina karɓar karyayyun motocin yaran masu kuɗi, in gyara ƙafa, in shafa fenti. Na kafa katako a rumfa na jera su a fili, nawa na gwangwani a sama, na kanti a ƙasa. Direbobi suka yi ta tsiya, suna ce mini Baba mai kamfani, amma sukan tsaya su kalla. Wani dogon direba, Dogo muke ce masa, shi ya fara roƙo. "Baba faci, yi mini tawa mana. Har da inda ɗan acaba ya lotsa mini a baya, kar ka rage komai." Na yi masa ita, da lambarta, da Ikon Allah da aka rubuta a goshinta, da lotsawar. Ya yi ta juya ta yana dariya, ya ce in bar ta a nan inda kowa zai gani. Wata safiya akuyar mai abinci ta yi tsalle kan katakon, bas ɗin Dogo ta faɗo ta kwanta a gefe ɗaya. Mai shayi ya gani, ya ɗaga murya ya ce, "Dogo ya faɗi!" Aka yi dariya, na ɗauke ta na mayar. Kafin la'asar labari ya zo. Birki ya ƙwace wa Dogo a wata gangara, motar ta kwanta a gefe, ƙafarsa ta karye, fasinjoji suna asibiti. Mai shayi bai ƙara dariya ba, amma bai yi shiru ba, ya baza zancen faɗuwar ta gwangwanin a tasha.

Ciyaman ya kira ni ofishin ƙungiya, ɗakin cike da direbobi, wasu na leƙe ta taga. Mutum ne mai ƙiba da zobba, wanda bai taɓa ce mini Baba ba sai ranar.

"Baba, mu ba mu ce ka yi wani abu ba. Amma lambar mota ta mene ce a jikin abin wasa?"

"Shi ya ce in sa."

"To ga shi ka sa, ga shi a kwance. Direbobina sun ce ba za su yi lodi ba kana kallon motocinsu."

Na ce, "Ciyaman, akuya ce ta ture ta. Ku kira akuyar."

Wani daga baya ya ce, "Ka ji ko? Har da akuya yake aiki." Ba wanda ya yi dariya, da gaske yake. Nan aka yanke kwana ukun.

A kwanakin nan ko tayar baro ba a kawo mini ba. Masu ajiye mota kusa da rumfata suka koma can gefe, wani har da rufe lambarsa da tsumma. Rana ta biyu na je duba Dogo a gidan mai ɗori. Ya sa aka fita aka bar mu. Ya ce, "Baba, ni na san birkina ne. Sati biyu ina jin sa yana laushi. Amma in na faɗa, mai motar zai ce sakacina ne, ba mai ƙara ba ni tuƙi a garin nan. Ka yi haƙuri." Na kalli ƙafar a ɗaure da karare, na kalli 'ya'yansa a bakin ƙofa. Na ce Allah Ya ba shi lafiya, na fito. Na dawo na zauna gaban katakon, har na ɗauko galan ɗin fetur na ajiye kusa. Mutum mai shekaruna, ina zai je ya fara neman masu kawo masa taya?

Rana ta uku bayan azahar, tasha ta ɗan yi sanyi, sai ga Ciyaman shi kaɗai. Ya jawo tsohuwar taya ya zauna, ya rage murya.

"Baba, ni ban son ka tashi. Ba sai ka ƙona komai ba ma, ni zan kashe maganar. Abu ɗaya nake so." Ya nuna da haɓa can wajen bakin ƙofar tasha, inda wata sabuwar farar bas take. Ta mutumin da ke neman kujerarsa ce a zaɓen ƙungiya mai zuwa. "Ka yi mini waccan. Da lambarta. In ka gama ka ba ni a leda, ni zan san yadda zan ajiye ta."

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ja ni. Zuciyata tana ce mini gwangwani ne, ba abin da zai yi wa kowa, yi masa ka zauna a rumfarka da motocinka. Har na fara auna bas ɗin da ido, tsawonta, inda gilashin ya lanƙwasa, domin kyakkyawa ce, kuma hannuna yana so. Amma in na miƙa masa ita a leda, na sa hannu ke nan cewa abin da suke faɗa gaskiya ne, ni na karya ƙafar Dogo, ni na rushe garinmu ina ɗan yaro. Kuma mota ce, wata rana dole ta yi wani abu a hanya, ranar kuwa ni da Ciyaman mun san abin da muka ƙulla.

Na ce, "Ciyaman, ni mai faci ne. In boka kake nema, ka fi ni sanin inda suke."

Fuskarsa ta canja. Ya miƙe yana kaɗe riga. "Tsohon banza. Gobe kar in ga ko ƙusa a nan."

Da safe na kira mai baro. Ya ɗora injin iska, ya ɗora ƙarafan cire taya, da ya ga na fara sauko da motocin sai ya saki baron ya ja da baya, ya ce wallahi shi yana da iyali. Na ce ya ba ni aron baron, ya biyo ni daga nesa ya karɓa. Na shimfiɗa katakon a kan kayan, na jera su a sama, ban rufe su da komai ba, galan ɗin fetur kuma na bar musu shi a rumfar. Wani gefen titi nake nufi wajen Kado, kusa da masu kifi, inda ƙuda ya fi mota yawa. Lokacin lodi ne, lokacin da ko mai tallan ruwa sai ya yi gefe-gefe yake ratsa tashar. Ina turo baron sai na ji ana tayar da injuna. Wannan ya ja baya, wancan ya hau kan kwata, 'yan kamasho suna daka bodi suna ihu a matsa, a matsa, kar ya tsaya kusa da tawa. Hanya ta buɗe tun daga rumfata har bakin titi, fetal, irin wadda ake buɗe wa gwamna. Tun da aka kawo kujerar mulkin nan garin nan ba a taɓa matsa mini ba, kullum ni ake cewa in matsa. Saboda haka ban yi sauri ba. Na tafi a hankali, tayar baron tana kuka, ina duban kowace mota da kyau.